Gishirin Kwarin Manda

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya ba mutum ido biyu da kunne biyu, sa'an nan ya ba shi harshe guda ya ce ya kula da shi. Bayan haka, ya ku ma'abota wannan zaure, yau kwana uku ina cin abincinku, kwana uku uwargidan nan tana ɗora mini tukunya dabam ba gishiri, kuna kallona kuna jin nauyin tambaya. Na ji wani ya ce ciwo ne, wani ya ce camfi. Ba ko ɗaya. Ku gyara zama in ba ku labarin, ko da yake ba irin labarin da ke ƙara wa mai ba da shi kwarjini ba ne.

Sunana Cindo ɗan Barmo, kun dai ga yatsan da ya jawo mini sunan. Haƙar rijiya muka gada. Ubana ya yi shekara arba'in yana shiga ƙasa, rabin rijiyoyinsa suka ba da ruwa, rabi suka ba shi kunya, domin a zamanin nan sa'a kawai muke bi. Da ajali ya matso masa sai ya kira ni, ya ce fatake sun taɓa gaya masa akwai wani littafi can inda rana ke faɗuwa, a birnin da ake kira Zangar, sunansa Littafin Jijiyoyin Ƙasa. Wanda ya karanta shi zai tsaya a kan tsandauri ya nuna da sanda ya ce a haƙa nan, a haƙa a tarar da ruwa. Muka binne shi ranar Talata, ranar Alhamis na rataya salka na kama hanya.

Shekara shida ina tafiya. Na ratsa dajin da itatuwansa ke tashi da rana tsaka su sake wuri, har matafiyi ya kwanta a inuwa ya farka a rana. Na faɗa hannun mutanen Dutsen Gauraka, waɗanda suka ga yatsana na shida suka ce sa'ar garinsu ce ta zo da ƙafarta. Suka sa ni a keji a bakin ƙofa, duk mai fita kasuwa sai ya shafa yatsan. Wata bakwai ina cin nama ina ƙiba kamar ragon layya. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai na ce musu sa'a datti take yi, in ba a wanke ta a ruwa mai gudu ba sai ta juye ta zama tsiya. Suka kai ni kogi da kiɗa da guɗa. Na tsoma hannu, na tsoma kafaɗa, na bi da sauran jiki. Har yau ban sani ba ko sun daina jirana a gaɓa.

Daga nan na shiga wata farar ƙasa, shimfiɗaɗɗiya, ba ciyawa ba tsuntsu, gishiri ne tun daga ƙafata har inda ido ya tsaya. Tafiyar kwana biyar ce. A kwana na uku salkata ta fashe, a na huɗu na faɗi. Da na farfaɗo sai na ga wata mata durƙushe a kaina tana matsa mini ruwa a baki daga bakin gyalenta, ɗigo ɗigo, don kada in shaƙe. Doguwa ce, baƙa, gashinta ya fara furfura. Ta tambaye ni sana'ata, na faɗa mata da ƙyar. Sai ta yi dariya har ta zauna.

Ta ce, “Ɗan mai haƙar rijiya ne ƙishirwa za ta kashe? Gara da na tsince ka, da an yi wa gidanku waƙa.”

Ita ce Kyallu, Magajiyar Kwarin Manda, ta fito ne duba ramukan gishiri da mutanenta. Suka ɗora ni a kan jaki zuwa garinsu. Gari ne ƙarami, mutum dubu uku, gidajensa duk da kantun gishiri aka gina su, fari fat. Ba su da rijiya ko ɗaya, domin duk inda aka haƙa ruwan gishiri ke fitowa. Rayuwarsu a kan kogi guda take, Kogin Siriri, wanda ke gangaro musu daga arewa ta wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu. Wata biyu na yi a gidanta ina jinya. A tsakiyar kasuwarsu akwai wani baƙin dutse, shi ne kujerarta, a kansa take zama ta yi shari'a, ni kuma ina gefe ina shan fura. A nan ta ba ni labarin Tukunya.

Birane huɗu ne a ƙasar, tun kakanni suka ƙulla alkawarin cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Akwai Zangar, babbar cikinsu, mai gero da yawan jama'a. Akwai Ƙira, garin maƙera. Akwai Mashigi, garin masu jirgi a bakin ruwa. Sai Kwarin Manda. A mararrabar hanyoyinsu, ƙarƙashin wata tsamiya, suna da tukunyar ƙarfe da wata tsohuwa ke tsaro, ana kiranta Uwar Tukunya. In an kai wa wani gari hari, sai ya kira Tukunya. Zangar ta kawo tsakin gero, Mashigi ta kawo ruwa, Ƙira ta kawo gawayi da wuta, Manda ta kawo gishiri. In an dafa kowa ya ci, to, runduna huɗu sun zama ɗaya, ba mai ja da baya. In aka rasa abu guda, ba a ɗora tukunya.

Amma da yake an taɓa samun garin da ya yi kukan ƙarya ya ja 'yan'uwansa yaƙin banza, sai kakanni suka ƙara doka. Kafin a hura wuta, sai an aiki baƙo wanda bai shekara a ƙasar ba, ba shi da mata ba shi da gona a cikinta, ya je ya gano da idonsa. Ido ake kiransa. In ya dawo, tambaya ɗaya Uwar Tukunya za ta yi masa: ka ga jini a cikin ganuwa? In ya ce ya gani, dole kowa ya zuba nasa, kuma ba wanda ke da ikon ƙara masa wata tambaya. In ya ce bai gani ba, ko ya kawo shakka da bakinsa, sai kowane gari ya yi abin da ya ga dama. Na ce mata wannan dabara ta yi kyau. Ta ce ta yi kyau, shekara sittin ba a gwada ta ba.

Da na ji ƙarfi na yi mata sallama na wuce Zangar. Wanda ya sauke ni shi ne Mazadu, wakilin Zangar a wurin Tukunya, dattijo mai taushin murya, bai taɓa sa ni na ji ni baƙo ne ba. Tun a makon farko na tsinci zoben azurfa a bayan gidansa na kai masa, daga ranar ya laƙaba mini suna Mai Gaskiya, yana kirana da shi a gaban jama'a. Ba zan ɓoye muku ba, sunan ya yi mini daɗi ƙwarai. Ya kai ni ya nuna mini ƙofar ɗakin littattafai, ya ce sau ɗaya ake buɗe ta ga sababbin masu karatu a shekara, ranar da aka gama yankan gero, kuma zai sa sunana cikin masu shiga. Sai dai, in ji shi, in aka dafa Tukunya, al'ada ce a yaɓe ƙofar da laka, ba a fasa ta sai an gama yaƙi. Wancan karon shekara goma sha tara ta yi a yaɓe. Ya faɗi haka ne kamar mai ba da labarin damina, ni ma haka na ɗauke shi.

Saura wata guda a yanke gero sai ga labari: Kwarin Manda ta kira Tukunya. Aka duba ƙasar kaf, ba baƙon da ya cika sharaɗi sai ni. Uwar Tukunya ta ba ni farar sanda, na hau jaki na nufi arewa.

Abin da na tarar a matsatsin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Wata al'umma ce da ake kira Mutanen Kwanso, masu kiwon kunkuru, amma kowane kunkurunsu ya kai rumbu girma. Sun jera guda arba'in a bakin matsatsi, sun kwanta jiki da jiki, an toshe tsakaninsu da laka. Kogin Siriri ya zo ya tarar da bango, ya juya ya malale gabas. Daga nan zuwa Manda sai busasshen yashi da kifi da suka bushe a kai. Ramukan gishiri suke so, kuma sun san dokar Tukunya fiye da masu ita. Ba wanda ke riƙe da wuƙa a cikinsu. Duk ɗan Manda da ya fito neman ruwa, sai su kama shi a hankali su mayar da shi bakin ƙofa. Wanda ya ce zai bar garin gaba ɗaya sai su buɗe masa hanyar farar ƙasa, tafiyar kwana biyar, ba tare da ko kurɓi ba.

Shugaban masu tsaronsu ya tarbe ni da fara'a, ya shayar da ni, ya shayar da jakina. Ya ce, “Shiga ka duba da kyau, Ido. In ka ga ko ƙwarzane a jikin wani, ni da kaina zan kwashe dabbobina.” Amma salkata ya ce a bar ta a nan. Na ce jakina na da ƙuraje a baya, a bar ni in wanke shi a tafkin da ya taru bayan kunkurai. Na kai shi na tsunduma shi da akumari da komai, har audugar da ke ciki ta sha ta ƙoshi. Na yafa bargo a kai muka wuce. A cikin gari aka matse akumarin nan, ya ba da ƙwarya biyu. Ina faɗa muku wannan ne don ku san ina son mutanen nan, ba don ya wanke ni ba.

Garin ya yi tsit. Ruwan da ya rage a randuna ana raba shi da ludayi, rabi da safe, rabi da yamma. Yara ba sa kuka, leɓunansu sun tsattsage. Tsofaffi sun haɗa baki sun daina karɓar rabonsu, in an kawo sai su ce sun sha. Na tarar da Magajiya a kan baƙin dutsenta, idanunta sun faɗa ciki.

Ta ce, “Cindo, ashe kai aka aiko. Alhamdu lillahi. Me ka gani?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, na ga ƙishirwa.”

Ta ce, “Ƙishirwa ba ta cikin tambayar.”

Sai ta zaro wuƙar da suke kankarar gishiri da ita, ta buɗe tafin hannunta na hagu, ta ja. Jinin ma da ƙyar ya fito, mai kauri, ya ɗiga a kan farar ƙasa.

Ta ce, “Yanzu fa?”

Na ce, “Na ga jini.”

“A ina?”

“A cikin ganuwa.”

Ta ce, “To, iyakar abin da za a tambaye ka ke nan. Ban ce ka yi ƙarya ba, ɗan'uwa. Wuƙar tawa ce, amma su suka sa ni jan ta. Ka amsa abin da aka tambaye ka, ka rufe bakinka. Kwana ashirin muke da su, in tsofaffi suka ci gaba da yi mana kara.”

Ta naɗe ɗan kantun gishiri a tsumma ta ba ni in kai Tukunya a madadinta, tunda ba mai iya fita. Na karɓa da hannu biyu, na ce mata na ɗauka, ta kwantar da hankalinta.

Kwana huɗu na yi a hanya. Da hantsi na isa gindin tsamiya, na tarar wakilai sun riga sun kaure da gardama. Duna, Sarkin Maƙeran Ƙira, ƙato mai ƙone-ƙone a hannu, yana tsaye yana faɗa.

Yana cewa, “In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa! Yau Manda, gobe wa? Kuna tsammani kunkuran nan gishiri za su ci su ƙoshi su koma gida?”

Mazadu ya amsa a zaune, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, “Sarkin Maƙera, ba wanda ya ƙi Manda. Amma in an fita fagen daga, cikin mutum goma bakwai 'ya'yan Zangar ne. Ku kuna kawo masu da takubba, Mashigi na kawo jirage, Manda na kawo addu'a. Mu ke kawo gawa. Kuma ga gero a tsaye a gona, wa zai yanke?”

Sarkin Jirgin Mashigi kuwa sai wasa yake ta yi da igiyar tulunsa. Daga baya na gane dalili. Kogin da aka juya gabas, fadamunsu ya cika, ba su taɓa ganin kifi irin na shekarar ba.

Da suka gan ni suka juyo kaina. Na ajiye gishirin kusa da tukunya. Mazadu ya taso ya riƙe mini jaki da kansa, ya ce a hankali, “Sannu da hanya, Mai Gaskiya. Saura kwana tara a buɗe ƙofa, na riga na sa sunanka.” Bai ƙara komai ba. Ina so ku riƙe wannan, bai roƙe ni ba, bai ba ni ko goro ba.

Uwar Tukunya ta dogara sandarta ta tsaya a gabana. Ta ce, “Ido, ka ga jini a cikin ganuwa?”

Na ce, “Na gani.”

Duna ya yi kabbara. Sarkin Jirgi ya ja numfashi ya fara kwance bakin tulu. Uwar Tukunya ta sunkuya tana jera gawayi a murhu. An gama ke nan, aikina ya ƙare, abin da ya rage mini shi ne in koma gefe in zauna. Sai na ji Mazadu a bayana yana cewa, ba da ni ba, da na kusa da shi, “Shi ke nan. Tunda Mai Gaskiya ya faɗa, ba abin da ya rage a ciki.”

A nan ne zuciyata ta fara yi mini wa'azi. Ta ce ashe za ka bari dubban mutane su mutu a kan rabin magana? Ta ce ashe sunan da aka ba ka na banza ne? Wa'azin ya yi kyau, har na ji ni wani waliyyi ne. Amma ni na san abin da ke ƙarƙashinsa, na san shi a lokacin, ba daga baya ba. Ina ganin laka ce a jikin ƙofa, ina ƙidaya shekara goma sha tara a kan shekaruna.

Na ce, “Sai dai Magajiya ce ta yanka hannunta da kanta.”

Magana zarar bunu ce. Hannun Uwar Tukunya ya tsaya a kan gawayi. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Ɗan nan, wa ya tambaye ka?”

Duna ya yi kaina, sai da mutum huɗu suka riƙe shi. Mazadu ya miƙe ya ce tunda Ido ya kawo shakka da bakinsa, doka ta ba kowa zaɓi, kuma Zangar na ganin a fara aika wa Mutanen Kwanso da jakadu a ja musu kunne. Sarkin Jirgi ya ce shi yana bayan abin da ya fi zama maslaha. Duna ya kunna wutarsa shi kaɗai, ta ci ta cinye a ƙarƙashin tukunyar da ba komai a ciki. Al'ada ce in ba a dafa ba, a zubar da abin da aka kawo a gindin tsamiya. Ina tsaye ina kallo aka tuttular da tulun ruwa guda a ƙasa, a kan gishirin Magajiya, har ya narke.

Jakadu suka tafi, aka tarbe su da fara'a, aka shayar da su, suka dawo suka ce ana tattaunawa. Aka sake aika wasu. Duna ya tara maƙera ɗari uku zai tafi shi kaɗai, suka isa bakin ruwa, Mashigi ta ce ba ta ba da jirgi ga yaƙin da Tukunya ba ta dafa ba. Suka yi kwana shida a gaɓa suna zagi, suka koma.

Ni kuwa aka buɗe ƙofa na shiga. Na ce wa kaina in na sami ilimin zan koma in taimake su, wai ai da ma don haka nake so. Littafin babba ne, rubutunsa tsoho, sai da na yi kwana talatin kafin in kai babin ƙasar gishiri. A nan na karanta cewa a irin wannan ƙasa, ƙarƙashin ruwan gishiri akwai shimfiɗar dutse, ƙarƙashin dutsen akwai ruwan daɗi. Alamarsa baƙin dutse ne da ya ɓullo sama shi kaɗai, mai sanyi ko da rana tsaka. A fasa gefensa na gabas, gaba goma sha biyu. Wata biyu na yi ina shan fura a jingine da dutsen nan, ina jin daɗin sanyinsa a bayana.

Na bar littafin a buɗe na fita da gudu, amma ihu ne bayan hari. Na tarar an kwashe kunkurai, Kogin Siriri na gudu cikin gari kamar da, Mutanen Kwanso na shanya tufafi a kan fararen gidaje. Shugaban masu tsaron nan ya gane ni, ya sake ba ni ruwa. Ya ce mutanen sun yi kwana ashirin da shida, sa'an nan suka buɗe ƙofa suka bi farar ƙasa, kuma shi dai bai taɓa kowa ba. Na bi sawunsu. Gishiri ba ya barin gawa ta ruɓe, jama'a. Na same su a jere a kan hanya yadda suka faɗi, kowa da fuskarsa. Na gane mai furar da nake saya, na gane wanda ya ɗora ni a kan jaki. Na yi ta juya mata masu furfura ina duba tafin hannun hagu, ban same ta ba.

Ban koma Zangar ba. Na je gindin tsamiya na zauna ina yi wa Uwar Tukunya itace da ɗiban ruwa, ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba. Damina ta zo ta wuce. Da kaka ta kewayo sai Mutanen Kwanso suka gangaro wa ƙauyukan Zangar, wannan karon da wuƙaƙe a zare, domin sun san sun riga sun karya alkawarin biranen nan. Zangar ta kira Tukunya. Aka sami wani baƙo mai sayar da turare aka aika, ya dawo ya ce ya gani, ya kuma rufe bakinsa.

Mazadu ya kawo tsaki buhu guda. Ya rame, muryar nan mai taushi ta dushe. Sarkin Jirgi ya kawo ruwa, domin kogin ya koma inda yake, kifi ya ƙare. Amma ba gishiri. Mazadu ya ce a sayo a kasuwa. Uwar Tukunya ta ce gishirin Tukunya daga hannun Manda yake fitowa, da yardar Magajiyarta. Ya ce to a dafa haka nan, ai lalura ce.

Duna ya ce, “Doka doka ce, Mazadu, a bakinka muka koya. A aika musu da jakadu mana.” Ya sa ƙafa ya taka gawayinsa.

Kwana biyu ana wannan, hayaƙin ƙauyuka na tashi ana hangowa daga gindin tsamiya. A rana ta uku da la'asar, har Duna ya sa an ɗaure kaya, sai ga wasu mutane tafe ta hanyar yamma, ba su kai hamsin ba, cikin tsummoki. Wata doguwar mata na gabansu, kanta ya yi fari gaba ɗaya. Na sulale na rakuɓe a bayan tsamiya.

Mazadu ya zube a gabanta zai yi magana, ta ɗaga masa hannu, na ga tabon.

Ta ce, “Tashi, Mazadu, ba dominka na zo ba. A ƙauyukan nan akwai yara, na kuwa san yadda yaro ke yin shiru.” Ta kwance bakin gyalenta, ta fito da gishiri bai fi goro girma ba. “Iyakar abin da ya rage na Kwarin Manda ke nan. Kakannina sun ce wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka, ban ji sun ce sai in an kyauta mana ba. Sarkin Maƙera, hura wutarka.”

Ƙaton nan ya durƙusa yana hura wuta yana kuka, hawaye na sauka a kan gawayi. Aka zuba ruwa, aka zuba tsaki, ta jefa gishirinta da hannunta. Da ya dahu, Uwar Tukunya ta miƙa mata ludayin farko. Ba ta sha ba. Ta ratsa jama'a da shi har inda nake rakuɓe a bayan tsamiya, ashe tun isowarta ta gan ni.

Ta ce, “Cindo, ka sami littafinka?”

Na ce, “Na samu, ranki ya daɗe.”

Ta ce, “To, gaya mini abu guda, ya daɗe yana damuna. A ƙarƙashin garinmu, akwai ruwa?”

Na dubi tabon hannunta, na tuna dutsen da ta yi kwana ashirin da shida a kansa tana raba rabin ludayi. Na buɗe baki, na mayar na rufe. Na sunkuyar da kai.

Ta daɗe tana kallona, har na ji numfashinta ya sake. Sa'an nan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, “Ashe ka iya rufe baki.”

Ta miƙa mini ludayin, ta tsaya sai da na shanye. Gishirin ya ji daidai.

An yi yaƙin, shekara uku, aka kori Mutanen Kwanso har bayan duwatsu. Manda dai ba a sake zama a cikinta ba, mutum hamsin ba sa tayar da gari. Magajiya ta rasu a Ƙira kafin a gama, Duna ne ya yi mata sutura. Ni kuwa tun daga ranar nake yawo ina haƙa rijiyoyi, ba wadda ta taɓa ba ni kunya, har da wadda za mu fara muku gobe in Allah ya kai mu. Mutane na sa mini albarka, ina amsawa da amin don kada in ba su kunya. Amma duk abincin da gishiri ya taɓa, in na kai baki, ludayin nan nake ji, sai in kasa haɗiyewa.

Wannan shi ne abin da kuka so ku tambaya. Allah ya jiƙan mutanen Kwarin Manda, ya yafe wa wanda ya yi magana ba a tambaye shi ba. Uwargida, a bar mini tukunyata yadda take.